Yadda ake hidimar yara in an tsallaka Nijar aikin bishara na 'yan kwanaki

Duk shekara da zarar dogon hutu ya matso sai shugabannin matasa su fara kirana, Mama muna so mu tsallaka Nijar mu yi sati daya ko kwana goma muna koyar da yara, ta ina zamu fara. Nakan amsa iya abinda na sani amma a waya mutum baya iya fadin komai, shi yasa nace bari in zauna in rubuta shi gaba daya. Ni malamar makarantar Lahadi ce, na dade a cikinta, kuma sau uku ina bin tawagar majami'armu zuwa wani kauye a jihar Maradi, zuwan farko mun yi kurakurai da har yau in na tuna sai raina ya sosu, na biyu da na uku ne muka dan gane kan abin. Abinda na koya a takaice shine yaran nan suna da iyaye, suna da fastonsu da malaminsu da zai cigaba da zama dasu bayan motarku ta juya, don haka duk abinda zaku yi ku auna shi da tambaya daya, in mun tafi wannan abin zai saukaka wa mutanen nan aiki ko zai bar musu wahala.

Mataki na 1: kada ku tashi sai an gayyace ku

Aikin bishara a Nijar ba yau ya fara ba. Mishan din SIM, wata kungiyar masu bishara daga kasashen waje, sun shiga kasar tun 1924 ta Damagaram, asibitin Galmi yana aiki tun 1950, akwai ikilisiyar EERN, wato ikilisiyar bishara ta kasar Nijar, da majami'unta a Maradi da Tsibiri da sauran wurare, mu ma nan gida Najeriya ikilisiyar ECWA tana da EMS, reshenta da ke aika masu bishara tun 1948. Ma'ana duk inda kuke tunanin zuwa akwai wanda ya riga ku, yana can da matarsa da 'ya'yansa yana shan ranar wurin. To shi zaku nema. Ku bi ta hannun fastonku da dattawa, su rubuta wa shugabannin ikilisiyar can, a hada ku da mai bisharar da ke kauyen, sannan ku tambaye shi kai tsaye, Baba Fasto kuna bukatar mu zo, in kuna bukata me kuke so mu yi, mutum nawa zaku iya saukewa.

Ku saurari amsar da kyau domin mutanenmu akwai kunya, da wuya ya ce muku kar ku zo, sai dai ya ce to bana dai abubuwa sai a hankali, ko ya ce bari in yi shawara da mai gari. In kun ji haka ku dakata. Wani lokacin kuma zai ce shi abinda yafi bukata a koya wa matasa biyu na majami'arsa yadda ake rike ajin yara, ko a gyara rumfar da suke zama, in ya fadi haka shine aikin, ko da ba shi kuka tsara a ranku ba. Kuma ku zauna ku lissafa kudin motar da abincin mutum goma sha biyar, ku tambayi kanku ko mutum shida sun isa a tura ragowar kudin ga malamin yaran. Mu a zuwa na uku mu bakwai muka je kuma aikin yafi na lokacin da muka cika bas.

Mataki na 2: lokaci

Afrilu da Mayu ku manta dasu, zafin yana wuce digiri 40, yara basa iya zama kuma ku kanku zaku kwanta. Hutun 'yan makarantar Nijar yana kamawa daga Yuli zuwa Satumba sai su koma a Oktoba, ya yi daidai da namu, amma fa damina ce, yaran suna gona da safe, ga sauro ga zazzabi, wata hanyar kauyen in an yi ruwa mota bata shiga. Hutun Kirsimeti gajere ne amma an gama girbi, akwai abinci a gari, sai dai sanyi da kura. Duk wanda kuka zaba ku tambayi ranar kasuwar garin ku cire ta daga jadawali don ranar yara duk suna talla, ranar Juma'a kuma ku tashi da wuri kafin lokacin masallaci.

Mataki na 3: wa zai je

Nan ne shugabanni ke jin nauyin mutane, ni kuma nan ne bana jin nauyin kowa. Ba duk wanda ya biya kudin mota zai tsaya gaban yara ba. Wanda zai je ya zama an san shi a majami'a shekara da shekaru, ya taba koyar da yara a gida an ga halinsa, in akwai wanda aka taba jin wata magana a kansa game da yara ko 'yan mata, ko da maganar bata tabbata ba, ya zauna a gida, in ya ji haushi ya ji. A samu mata manya akalla biyu a tawagar, matan zumunta wadanda suka yi goyo suka yaye, domin uwa a kauye tafi sakin jiki ta bar 'yarta in ta ga babbar mace zaune a wurin.

Sai Hausa. Yawancin matasanmu na birni Hausarsu rabi turanci ce, sai kaji ana ticha, kilas, memori bas, kilaf, yaron Maradi bai san wadannan ba, shi makarantar boko lakol yake ce mata, malami mushe, littafin rubutu kaye, asibiti likita, 'ya'ya diya, in zai ce tafi sai yace tahi. Kafin tafiya ku yi sati hudu kuna haduwa, kowa ya tashi ya bada labarinsa da Hausa zalla, duk inda turanci ya fito a tsayar dashi ya nemo kalmar. Abin zai baku wuya da farko amma yana gyaruwa.

A wannan zaman ne kuma zaku karanta dokokin tawaga kowa ya sa hannu. Babu babba daya da zai kebe da yaro daya, kullum manya biyu kuma a fili inda ake gani. Yaro baya shiga dakin da kuke kwana ko da aike ne. Namiji baya raka yarinya bayan gida ko gida, baya dora ta a cinya. Babu bulala, babu rankwashi, babu zagi, ko da kun ga ana yi a garin. Babu karbar lambar wayar yarinya. In yaro ya fada wa wani cewa ana cutar dashi a gida ko a wani wuri, kar ka yi masa alkawarin rufe maganar, kar kuma ka tashi kai kadai ka tafi rigima, ka sanar da shugaban tawaga da faston wurin a ranar.

Mataki na 4: takardu, hanya da kudi

Daga Katsina zuwa Maradi ta Jibiya tafiyar bata wuce kilomita 100 ba, wasu kuma ta Illela suke bi su fada Konni, wasu ta Kongolam wajen Daura in Damagaram suka nufa. Kusancin nan ne yake yaudarar mutane su dauka kamar zuwa kauyen kakanni ne, alhali wata kasa ce da dokarta. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe boda wata da watanni, kuma Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka abinda wani ya gaya maka ya shiga dashi shekara biyar da suka wuce kar ka dogara dashi. Kowa ya rike fasfo dinsa da katin rigakafin shawara, wato yalon kati, sannan a samu takardar gayyata daga ikilisiyar can da faransanci, da hatimi, da sunan kowa a ciki, a yi kwafi da yawa domin jandarma zasu tambaya a hanya. Sati daya kafin tashi ku sake kiran mai masaukinku ya tabbatar da abinda ake nema a lokacin. In an tambaye ku me kuka zo yi ku fadi gaskiya, mun zo ziyarar majami'a kaza ne zamu koyar da yaranta.

Maganar tsaro kuma ba'a wasa da ita, hanyar Jibiya da dazukan bakin iyaka kowa ya san halin da ake ciki da 'yan bindiga, ku yi tafiyar rana, kar ku sa ranar tafiyarku da sunan kauyen a Facebook, yankunan Tillaberi da Diffa kuma ba wurin kai tawagar matasa bane. In mai masauki ya kira ana gobe tafiya yace ku fasa, ku fasa.

Kudi ku canza zuwa sefa, kuma ku koyi lissafinsu tun a gida don kar ku rikice a kasuwa, su da dala suke kirga, dala daya sefa 5 ce, in mai kosai tace dala ashirin to 100 take nufi, jika daya kuma 1000. Mutum daya ya rike jakar tawaga yana rubuta duk abinda ya fita. Ku kai wa matar fasto kudin cefane tun ranar farko a cikin sirri, kuma ya zama ya isa har da rara, na taba ganin inda baki suka cinye hatsin da iyalin mai bishara zasu ci wata biyu suka tafi suna ta godiya, basu ma san abinda suka yi ba.

Mataki na 5: ranar farko ta gaisuwa ce

Kar ku sauka daga mota ku hau buga ganga kuna tara yara. Ranar farko fasto zai kai ku gaida mai gari, ku tafi da goro ko dan abinda ya ce ya dace, mata su daura dankwali su yafa mayafi, maza su bar gajeren wando a jaka, a durkusa a gaisa yadda ya kamata, ranka ya dade mun zo bakunta wurin Malam wane, zamu kwana kaza, zamu rika tara yara da safe a rumfar majami'a muna koya musu labaran Littafi Mai Tsarki da wakoki da tsabta. A fadi abinda za'a koyar karara. Kar a ce lesin ne kawai ko wasan yara alhali an san akwai wa'azi a ciki, wannan yaudara ce kuma bata dace da mai bin Almasihu ba.

Mafi yawan mutanen Nijar Musulmi ne, kuma da zarar an fara waka yaran makwabta zasu zo su tsaya a bakin rumfa, wannan tabbas ne. Abinda muke yi shine fasto da matarsa su zaga gidajen tun kafin a fara, wanda ya yarda dansa ya zauna ya zauna, wanda bai yarda ba in yaron ya zo a rarrashe shi a maida shi gida da mutunci, ba korar kare ba. Kar wani ya ja yaron Musulmi gefe yace ya maimaita addu'a a boye, ko ya ce kar ka fada wa babanka. Kar a ce wanda ya karbi Yesu ya daga hannu don a samu adadin rubutawa a rahoto, yaro dan shekara bakwai in yaga bako mai fara'a da biskit a jaka zai daga hannu kan komai. Ku tuna a Janairun 2015 an kona majami'u da dama a Damagaram da Yamai cikin kwana biyu, mutanen da kuka je wurinsu sun ga wannan da idonsu ko 'yan uwansu sun gani, zaman lafiyar da fasto ya gina da makwabtansa shekara goma yana gina shi, ku kuma bako raba ne, kwana goma kun tafi, in kuka bata masa shi zai zauna da abin. Da dan gari akan ci gari, in yace kar a yi kaza to kar a yi, ko da baku gane dalili ba.

Mataki na 6: tsarin yini da yadda ake koyarwa

Awa biyu da rabi zuwa uku sun isa. In rani ne ku fara karfe takwas, in damina ce ku tambaya, watakila sai bayan la'asar in an dawo gona. Ku raba yaran gida uku, kuma da yake da yawansu basu san shekarunsu ba mu da hakori muke rabawa, wadanda basu yi famfara ba rukuni daya, masu gibi da wadanda sabbin hakora suka fito rukuni na biyu, manya da suka fara girma na uku. Ku shirya tabarma daban da mace daya ko biyu saboda jarirai, domin 'yan mata da yawa da goyon kanne zasu zo, yarinya 'yar shekara takwas da jariri a baya yana kuka ba zata ji komai ba sai an karbe mata shi na dan lokaci.

Mu ga yadda muke yi. A fara da waka da tafi kamar minti ashirin, kuma ku fara da wakokin da suka riga suka iya, ku ce su koya muku, yaro in ya koya wa babba abu ya saki jiki kenan. Sai addu'a gajera. Sai labari, minti goma sha biyar ga kanana, manya a iya kaiwa ashirin da biyar. Sai ayar haddacewa guda daya tak, gajera, a sa mata kari da tafi. Sai wasa, sai wanke hannu a ci dan abu, sai a sake tambayar labarin kafin a tashi.

Labari daya a rana, kuma ku zabi wadanda rayuwar yaran ta riga ta bayyana musu. Ranar da muka yi batacciyar tunkiya, malamin wurin ya aro dan rago ya boye shi bayan rumbu, ya tambaya wa ya taba batar da dabba a kiwo, hannaye suka tashi sama, wani yaro ya bada labarin yadda ya kwana yana kuka don tsoron babansa, sai aka ce to ku tashi ku nemo, da suka dawo dauke da ragon suna ihu babu wanda ya bukaci dogon bayani kuma. Misalin mai shuka mun yi shi da gero na gaske, aka watsa kan hanya da kan dutse da cikin kaya da kasa mai kyau, kaji suka zo suka tsince na kan hanyar a gaban kowa. Yusufu da 'yan uwansa, Dawuda da kiwo, Musa cikin kwando, duk suna shiga. Hotunan da ake bugowa daga Turai ni na daina daukarsu, yaran sukan tsaya kallon fatar mutanen da gashinsu labarin ya wuce su, gara a zana a kasa da tsinke.

Abu daya da zan ja kunne a kai, kar ku bude labarin Littafi Mai Tsarki da ga ta nan ga ta nanku. Wani dan tawagarmu ya yi haka don ya jawo hankalinsu, suka amsa ta zo mu ji ta da murna, amma da aka gama wata yarinya ta tambaya ashe shima Yesu irin su gizo ne. Yaron Bahaushe ya san tatsuniya kirkira ce. Ku ce wannan labari ne da ya faru, ku rike Littafin a bude a hannu suna gani.

Kar ku dogara da rubutu. Wasu basa zuwa lakol, masu zuwa kuma da faransanci suka koyi haruffa, in ka rubuta Hausa a allo harafin c da u sukan karanta su daban. Baki da kunne da maimaici sune kayan aikinku. Wajen wasa ma ba sai kun kawo sabon abu ba, langa da carafke da 'yar gala-gala da gada duk suna nan, kwallo daya ko biyu sun isa.

Mafi muhimmanci a wannan matakin, malamin yaran wurin shine a gaba. Kwana biyun farko ku koyar yana kallo yana taimakawa, daga na uku ku raba, kwanakin karshe shi ke koyarwa kuna zaune a tabarma. Kowace yamma ku zauna dashi da duk matashin da ke da sha'awa awa daya kuna shirya darasin gobe tare. Kar ku gyara masa kuskure a gaban yara. In ku kuka zama taurari shi ya zama mai kora yara su yi layi, to ranar Lahadin da ta biyo bayan tafiyarku ajinsa zai zama kamar an yi ruwa an dauke.

Mataki na 7: abinci da kyauta

Nan ne muka yi babban kuskurenmu. Zuwan farko mun taho da katan katan na biskit da alawa, rana ta biyu wata 'yar uwa ta bude jaka a fili ta fara mikawa, kafin minti biyar yaran da ke wurin sun ninka uku, manya suna ture kanana, wani yaro karami ya fadi aka taka masa hannu, har yanzu ina jin kukansa, uwarsa ta zo ta dauke shi bata ce mana komai ba, kuma wannan shirun yafi zagi ciwo. Washegari wadanda suka zo ba labari suka zo ji ba, jaka suke kallo.

Tun daga nan muka canza. Abinci a dafa shi a garin, a ba matan majami'a kudi su dama kunu ko su soya kosai ko fanke, a biya su ladan aikinsu, yara su zauna rukuni rukuni a kai musu inda suke. Duk yaron da ke wurin ya ci, wanda ya haddace aya da wanda bai haddace ba, dan Kirista da dan Musulmi, abinci baya zama ladan amsa tambaya. Kayan rabo irin su kaye da fensir da sabulu ku saya a kasuwar Maradi, kudin ya zauna a kasar kuma kun huta da maganar kwastan, sannan ku damka wa fasto da dattawa su raba bayan kun tafi, su suka san gidan da yafi bukata. Kar kowa ya ba yaro kudi a hannu. Kar ka zabi yaro daya mai wayo ko mai kyau ka rika yi masa kyauta ta musamman, sauran suna gani, kuma bayan ka tafi shi zai sha tsangwama.

Wani zai zo maka da magana, uwa ko kaka tace Malama ki tafi da wannan ki sa shi makaranta a Najeriya. Zuciyarki zata karye amma amsar a'a ce. Tsallaka boda da dan wani ba tare da cikakkun takardu ba safarar yara ce a idon hukuma, NAPTIP, hukumar Najeriya mai yaki da safarar mutane, na nan saboda irin wannan, kuma ko da takardu raba yaro da uwarsa ba karamin abu bane. In ana so a taimaka a biya masa kudin karatu a can ta hannun ikilisiya.

Mataki na 8: lafiya

In babu ma'aikacin lafiya a cikinku kar ku zama likitoci. Akwatinku ya tsaya kan bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, sabulu da gishirin zawo. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kira uwarsa a raka su likita a gwada jini, musamman da damina, zazzabin cizon sauro baya jira. In zawo ne kuma babu na leda, ruwa mai tsabta lita daya, sukari karamin cokali shida, gishiri rabin karamin cokali, a rika bashi kadan kadan ana hanyar asibiti. Yaron da kuka ga ya rame sosai ko kafafunsa sun kumbura ku gaya wa matar fasto ta yi wa uwar magana a kai shi awo. Ku kanku ku tafi da gidan sauro, ku kula da ruwan da kuke sha, wanda ya tashi da tari ko zawo ranar ya huta kar ya shiga cikin yara.

Mataki na 9: hoto

A nemi izinin fasto da iyaye, mutum daya ya dauka a madadin kowa, hoton taro daga dan nesa. Yaro tsirara ko mai yagaggen kaya ko mara lafiya ba'a daukarsa, kuma ba'a sa sunan yaro ko na kauye a intanet. In ba zaki so a yi wa danki ba kar ki yi wa na wata.

Mataki na 10: sallama da abinda ke biyo baya

Tun ranar farko ku gaya wa yaran kwana nawa zaku yi. Mu duwatsu muke jerawa a gaban rumfa daidai da kwanakin, kowace safiya yaro daya ya cire guda, kowa yana ganin suna raguwa, ranar tafiya bata zo musu ba zato. Na koyi wannan ne saboda wata yarinya a zuwanmu na farko da ta like min, kullum tana rike da gefen zanina, ni kuma na biye mata, ranar tafiya tana kuka nace mata kar ki damu zan dawo da Kirsimeti, na fada ne kawai don ta yi shiru. Ban samu komawa ba sai bayan shekara biyu, matar fasto tace min duk motar da ta shigo garin a watan Kirsimetin nan sai yarinyar ta ruga bakin hanya. Kar ku yi alkawarin da ba a hannunku yake ba, ko na dawowa ko na aiko da kaya. Ku ce mun ji dadin zama daku, zamu rika yi muku addu'a, ga malaminku nan ranar Lahadi zai cigaba daga inda aka tsaya.

Ranar karshe a gayyaci iyaye, yara su yi wakokin su fadi ayoyin, malamin wurin ne zai jagoranta, a koma a yi wa mai gari sallama da godiya, a biya duk wani bashi na cefane ko na ruwa. Ku bar wa malamin Littafi Mai Tsarki na Hausa, da littafin rubutu da kuka tsara masa darussan wata uku a ciki tare dashi, da kwallon da ragowar sabulu. Kafin ku shiga mota shugaban tawaga ya kebe da fasto ya tambaye shi tsakani da Allah me muka yi da bai dace ba, ya rubuta amsar.

In kun dawo gida ku bada rahoto a majami'a da lissafin kudi dalla dalla, ku fadi har da inda kuka yi kuskure domin tawagar badi ta ji. Sannan a sa mutum daya, ba kowa da kowa ba, ya rika kiran malamin ko ya tura masa sako ta WhatsApp sau daya a wata, yara nawa ke zuwa, wane darasi aka kai, me ya kare. Mu makarantar Lahadinmu tana ware baikon Lahadi daya duk wata uku a tura ta hannun ikilisiya don alli da kunun yaran can, kuma yaranmu na nan sun san da zancen, su suke kawo kudin da hannunsu.